Hammawa a Layin Gaisuwa

Har yau in na ga mutum ya ƙame ya ɗaga hannu yana sara wa wani, sai in ji yawu ya taru min a baki kamar zan yi amai. Jikokina suna min dariya, wai Inna ba ta son soja. Ni ba ruwana da soja. Ku matso ku ji abin da na gani.

Mijina, a da ko an ɗora min wuƙa a wuya ba zan kama sunansa ba, amma ya riga mu gidan gaskiya, ni ma haƙorana sun zube, to bari in faɗa: Hammawa sunansa. Ni ce Hindatu. Rugarmu tana bayan Paikon Kore a lokacin, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Wannan Abuja taku ta fitilu ko labarinta babu. In aka ce Abuja, garin da kuke kira Suleja yanzu ake nufi, kuma can asibiti yake. Tsakaninmu da shi daji ne da rafuka da ƙudan tsando.

Ƙudan tsandon nan shi ya ja mana. Ciwon sammore da yake kawowa ya shiga garke ya yi mana ɓarna, har bijiminmu ya tafi. Sai maigida ya ce zai yi rani ɗaya yana lebura a wajen Turawan da ke yin hanya, ya samu abin sayen wani bijimi, ƙaninsa Maude ya riƙe kiwo kafin nan. Da zarar ruwa ya sauka zai ɗauki sandarsa mu tashi da shanu mu yi arewa. Na ce masa ban so ba. Mutumin da tun yana ɗan yaye yake bin saniya, me ya haɗa shi da siminti? Ya ce rani ɗaya ne. Na ja tsaki na ƙyale shi.

Turawan nan ba irin na Ingila ba ne, 'yan Italiya aka ce. Babbansu wani ja ne mai gashi har a bayan yatsu, in yana magana hannuwansa sun fi bakinsa aiki. Leburori suka laƙa masa suna Salute, don in wani ya yi atishawa kusa da shi sai ya ce "Salute!", in ya ɗaga kofin giyarsa ma haka yake cewa.

Ni kuwa kullum da safe ina kai nono gindin wata ɗorawa a bakin sansanin aikin. Nan na ji ana tambayar Enoch ma'anar kalmar. Enoch shi ne akawunsu, ɗan garin ne, Gbagyi, ya yi makarantar mishan, shi ke yi wa Baturen tafinta.

"A bakin su oga," in ji Enoch, yana tsotsar ludayi, "kalman nan yana nufin lafiya. Amma a Turancin da muka karanta, rubutu ɗaya ne fa, yana nufin gaisuwa. Irin na soja, ka sa hannu a goshi. In an harba bindiga ma babban mutum, shi ma haka ake cewa. Ko ka yaba ma wani a gaban jama'a."

"Ka ce irin ta soja?" in ji Wakili.

Wakili shi ne heluman leburori. Wai tsohon soja ne, wai har kofur ya kai, amma wanda ya san shi ya ce dafa wake yake yi a bariki. Ƙaton ciki, jan baki don goro, kuma yana da wata ɗabi'a da na tsana: sai ya tsoma yatsa cikin ƙwaryata ya lasa, wai yana duba ko na zuba ruwa. Yatsan da ya gama sakace hanci da shi! Duk ranar da ya yi haka sai na kwashe saman nonon na zubar.

To, Baturen nan ya ce yana so kullum da safe ya ga ma'aikata ido da ido kafin su kama aiki, don a wani wurin da ya yi aiki zazzaɓi ya kashe masa mutane bai sani ba. Wanda duk ba shi da lafiya, a sa shi a Landirobar kamfani a kai shi asibiti. Maganar ke nan, ba ta da wani aibi. Wakili ya karɓe ta ya mai da ta fareti. Ya jera magidanta masu furfura a rana, yana daka musu tsawa, su buga ƙafa, su sa hannu a goshi. Baturen ya biyo layi da sauri, yana duban kowa yana faɗin kalma ɗaya tilo da ya iya ta Hausa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau!"

"Lafiya?"

"Lafiya lau!"

Haka har ƙarshen layi, ya shiga mota ya tafi yana murna. Ya ma taɓa dafa kafaɗar Wakili ya ce bai taɓa ganin ma'aikata masu ƙarfin jiki irin nasa ba. Tun daga ranar kan Wakili ya ƙara kumbura.

Ana haka rodi ya soki maigida. Suna aikin kwalbati ne, ya taka wani tsatsattsen ƙarfe, ya shiga ta tafin ƙafa ya leƙo ta sama. Ya zare da kansa, ya ɗaure da tsumma, ya gama aikin ranar. Da ya dawo ruga na wanke masa da ruwan zafi, na sa man shanu da saiwar da muka sani. Washegari ya ɗingisa ya tafi.

Ƙafa ta kumbura. Daga ja ta koma wani irin shuɗi-shuɗi. Sai wari. Kai, warin nan! Na yi jinyar saniya mai ruɓaɓɓen kofato, na fitar da mataccen ɗan maraƙi da hannuna, ban taɓa jin irinsa ba. In ya shigo bukka sai na fita na shaƙi iska kafin in iya kawo masa abinci. Tsumman da nake cirewa ba ya wankuwa, binnewa nake yi don kada kaji su ja.

Na ce masa, "Gobe in mutumin nan ya tambaye ka, ka faɗa masa."

"In faɗa masa me?"

"Ka ce ƙafa! Ka ce ba lafiya!"

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando a kasuwa. "Ke, mutum ya gaishe ni, in amsa masa da ƙorafi? A gidan wa aka koya miki haka?"

"Ba gaisuwa yake yi ba, tambaya yake yi."

"In tambaya ce ai sai ya tsaya. Ya ce ina kwana, in ce lafiya. Ya ce ina gajiya, ina gida, ina shanu. In mun natsu, sai in ce masa, sai dai 'yar ƙafar nan ta ɗan taɓa ni. Haka mutane suke yi. Shi kuwa yana faɗa yana tafiya."

"To ba zai taɓa tsayawa ba!"

"To ni ma ba zan bi shi da kuka ba."

Kun ji fa. Ba wauta ce ta dame shi ba, mutum ne mai hankali. Haka aka raine shi, haka aka raine ni, haka aka raini duk wanda ke layin nan, Bafulatani da Bahaushe da Gbagyi. Ko gawa ce a ɗaki, in an ce ina kwana, lafiya za ka fara cewa. Amma ranar sai na ji duk tarbiyyar nan tana min ɗoyi tare da ƙafar.

Na je na sami Enoch a rumfarsa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa.

"Kai, sorry, Mama," ya ce. "Na ga yana ɗingishi. Amma ni ba na iya tsallake Wakili. Oga ya ce maganan lebura duk ta hannun heluma zai bi. Ki je wurinshi."

Na tafi wurin Wakili. Na same shi a zaune kan gwangwanin man inji yana cin goro yana tofar da tuƙa kusa da ƙafata. Na gaishe shi har da gaisuwar da bai cancanta ba. Ya bar ni a durƙushe na gama bayani.

"Na sani," ya ce. "Kina tsammani hancina a toshe yake? Ai shi ya sa na mai da shi layin baya."

Ashe haka ne. Da ma na lura kwanan nan maigida ba ya gaba. Wakili ya mai da shi can ƙarshe, bayan wasu durom na kwalta, yadda Baturen zai ga kansa da kafaɗunsa kawai, warin kwalta kuma ya danne warin ƙafa.

"Manya za su zo daga Ikko duba aiki," in ji Wakili. "An gaya musu a sashena ba a ciwo. In sun zo sun tafi, sai a san yadda za a yi. Namiji ne fa, ke kike ta rawar jiki." Sai ya miƙa hannu zai tsoma yatsa a ƙwaryata. Na janye. Ya yi dariya har ina ganin goron da ya maƙale masa a dasashi. Tir da wannan halitta.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne kare. Baturen yana da wani ƙaton kare mai cin abinci a faranti, a farantin da mutum zai ci. Wata safiya karen ya yi amai a bakin ofis ya kwanta yana haki. Wallahi da idona na gani, Baturen ya durƙusa a ƙasa, ya buɗe masa baki, ya duba idonsa, ya latsa cikinsa, ya sungume shi ya sa a Landiroba, suka yi Kaduna wurin likitan dabbobi. Bai tsaya tambayarsa komai ba, dubawa ya yi. Karen bai iya cewa lafiya lau ba, abin da ya cece shi ke nan. A wannan safiyar mijina yana bayan durom, zufa tana zuba daga haɓarsa, hannunsa a goshi.

Da ya dawo ranar, a kan jakin wani mutumin Paikon Kore aka kawo shi. Na kwance tsumma, sai na ga abu yana motsi. Tsutsa ce, farare, ƙanana, suna shiga suna fita tsakanin yatsunsa. Na fita bayan bukka na amayar da duk abin da ke cikina. Na dawo na ce da Maude ya yi wa yayansa magana. Maude ya sunkuyar da kai ya ce shi ƙani ne, ba zai iya ba. Na ce Allah wadaran kunyar da za ta sa ka zuba wa ɗan'uwanka ido yana ruɓewa.

Da gari ya waye maigida ya ce a ɗora shi a jaki, wai in bai je layi ba Wakili zai ce ya gudu. Ban hana shi ba. Na bi shi a baya, ko ƙwarya ban ɗauka ba.

Na tsaya gindin ɗorawa har aka jera su. Wakili ya yi tsawarsa, aka buga ƙafa. Baturen ya fito, karensa ya warke yana bin sa. Ya fara daga kan layi. Ina jin "lafiya lau" tana matsowa, har ta zo kan maigida. Na ji muryarsa, siririya, tana rawa, ya faɗa shi ma.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Mace a tsakiyar maza, ba sallama, ba durƙuso, ba ina kwana. Na sha gaban Baturen na kama hannun rigarsa. Wakili ya yi ihu, "Ke! Ke mahaukaciya!" Ban ko dube shi ba. Na ja Baturen har bayan durom, na tsuguna na fizge tsumman nan gaba ɗaya.

Ƙudaje suka tashi. Na kusa da shi suka watse suna toshe hanci. Baturen ya duba, fuskarsa ta koma fari fat, ya juya ya kelaya amai a kan takalmin Wakili. Sannan ya shiga ihu da yarensu, yana dukan goshinsa, yana nuna ƙafar, yana nuna Wakili, yana nuna Enoch. Shi da kansa ya kama maigida ta hammata, wasu suka kama ta ƙasa, aka sa shi a bayan mota. Na shiga ba wanda ya ce in shiga.

Duk tsawon hanyar nan mota tana jijjiga mu, maigida bai dube ni ba. Sai da muka haye wani rafi ya buɗe baki.

"Kin tona min asiri a gaban mutane," ya ce. "Ko gaida mutumin ba ki yi ba."

Na ce, "In ka warke ka sake ni." Ya rufe ido.

A asibiti likita ya duba, ya girgiza kai, ya tambayi me ya hana a kawo shi tun farko. Ya ce dafin ya hau, in ba a yanke ba zai kai zuciya. Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Suka naɗe abin da suka cire a farin ƙyalle suka ba Maude, ya kai maƙabarta aka binne. Ni na wanke tabarmar da aka kawo shi a kai, na wanke na sake wankewa, daga baya na ƙone ta.

Baturen ya zo dubiya, shi da Enoch, da gwangwanayen madara da sukari. Ya ja kujera ya zauna a bakin gado. Sai yanzu ya ga damar zama! Idonsa ya yi ja, ya yi magana mai tsawo, Enoch ya juya ta zuwa Hausa.

"Oga yana tambaya, me ya sa kullum kana ce mashi lafiya? Ya ce shi da gaske yake tambaya. Ya ce motan yana nan, man yana nan, don haka aka ajiye shi."

Maigida ya ce, "Gaya masa ya gaishe ni, na amsa."

Enoch ya juya masa. Baturen ya buɗe hannuwa yana duban kowa, bai gane ba. Maigida ma bai gane abin da Baturen bai gane ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsu su biyu, raina yana tafasa. Waɗanda suka san maganar kowannensu tun farko su ne Wakili da Enoch, ɗaya ya ɓoye don a yabe shi, ɗaya ya yi shiru don kada a ce ya yi shisshigi. Wakili ko korarsa ba a yi ba. An mai da shi wani sashen can gaba, na ji wai har ya sake jera wasu.

Muka dawo ruga ruwa ya riga ya sauka, ciyawa ta fito, ƙudan tsando ya fara yawa. Shanu ba za su zauna ba, dole su yi arewa. Dattawa suka zauna suka yanke cewa Maude zai tafi da garke, mu kuma mu tsaya kusa da gari, a bar mana saniya ɗaya ta tatsa. An sayi bijimin kuwa, da abin da kamfani ya bayar. Wani baƙi mai farin goshi. Maigida ya shafa shi sau ɗaya daga zaune.

Ranar tashi na shimfiɗa masa buzu a ƙofar bukka, sandar guragu tana gefensa, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Aka ɗaure kaya a kan takarkari, mata suka ɗauki ƙore, aka yi sallama. Maude ya zo ya durƙusa a gabansa. Maigida ya miƙa masa sandar kiwonsa, ya gaya masa wadda ba ta son a matsa mata da wadda ke da ciki, da rafin da ba a shayarwa a cikinsa. Muryarsa ƙalau, kamar ba komai.

Garke ya motsa. Ya bi su da ido har na gaba suka kusa shiga kurmi. Ban san ko ya yi niyya ba ko bakinsa ne ya suɓuce, sai kawai na ji ya yi kiran nan nasa, wanda yake yi musu kullum in zai kai su mashaya.

Shanu suka tsaya cak. Tsohuwar saniyar da ke ja musu gaba ta juyo, sauran suka juyo, suka fara dawowa suna kuka. Maude ya tare ta nan, su ɓulle ta can. Ya yi nasa kiran, ko kallonsa ba su yi ba. Sai ya sa sanda. Yana dukansu a fuska, a ƙaho, a gadon baya, yana kuka shi ma, ƙarar sandar har inda muke.

Maigida ya damƙi gefen zanena. Rabonsa da ya taɓa ni da kansa tun ranar da na fizge tsumman nan.

"Ke, yi gudu," ya ce. "Ce wa Maude ya daina dukansu. Na yi shiru, ba zan ƙara kiransu ba."